Tambayoyin Masu Karatu: Su Wane Ne The Platters, Kuma Wa Ya Mallaki Sunan?

A wannan fitowa wasiƙu biyu ne suka zo a kan magana ɗaya, saboda haka na haɗa su na ba su amsa tare.

Wasiƙa ta farko, daga wata Hajiya a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mun buɗe wata tsohuwar adakarsa, muka tarar da faya-fayan garmaho goma sha ɗaya naɗe cikin zane. Shida na hailaif ne, biyar kuma an rubuta The Platters a jikinsu. Baba fataucin goro ya yi duk rayuwarsa, kuma ban taɓa jin ya ambaci waɗannan mutane ba. Ɗana ya duba intanet ya ce har yanzu suna wasa, amma waɗanda ya nuna mini ba su kai tsaran Baba ba, kuma a wani bidiyon fuskokin daban ne. Su wane ne, kuma waɗanne ne na gaskiya?"

Wasiƙa ta biyu, daga wani saurayi a Nima, Akra: "Baba Malam, na karanta cewa The Platters suna cikin waɗanda suka fara kiɗan rock and roll, amma da na saurare su sai na ji waƙoƙin soyayya masu sanyi, babu hayaniyar jita ko kaɗan. Yaya aka yi aka sa su a wannan sahu?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kai ma ɗana, na gode da wasiƙarka, kuma za ka sami amsarka a tsakiyar labarin.

Zan fara da sunan, domin akwai abin da ya daɗe yana burge ni a cikinsa. A Amurka ta wancan zamani, masu sa waƙoƙi a gidajen rediyo suna kiran faifan garmaho da kalmar da asalinta ke nufin faffaɗan farantin ɗaukar abinci, kuma daga nan Herb Reed, mai murya mafi kauri a cikinsu, ya ɗauko wa wannan ƙungiya ta mawaƙa suna. Bahaushe kuwa da ya fara ganin wannan baƙin abu mai da'ira, bai yi shawara da kowa ba ya kira shi faifai, wato abin da ake rufe ƙwarya ko a sheƙe tsaba da shi. Ashe ido ɗaya muka kalli abin da shi. Idan aka mayar da sunan ƙungiyar Hausa, Faya-fayai ke nan.

A birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya aka kafa ta, tsakanin 1952 da 1953, lokacin da samarin baƙaƙen fata a manyan biranen Amurka ke taruwa a bakin titi, ko a ƙarƙashin matakalar bene inda murya ke amsa kuwwa, suna haɗa muryoyi ba tare da kayan kiɗa ba. Ba su ne farau ba. Kafin su an yi The Mills Brothers da The Ink Spots tun shekarun 1930, aka yi The Ravens da The Orioles bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Faya-fayan farko da The Platters suka yi wa kamfanin Federal ba su yi kasuwa ba, kuma a 1954 sun ɗauki waƙar "Only You" a can, kamfanin ya saurara ya ajiye ta bai fitar ba.

Abin da ya canja musu hanya shi ne haɗuwarsu da wani bature mai suna Buck Ram, haifaffen Chicago a 1907, wanda ya karanta aikin lauya amma ya karkata ga rubuta waƙoƙi da tsara kiɗa. Hajiya, ki riƙe wannan batu na karatun lauya, domin zai dawo. Ram ya zama manajansu, ya sake musu zubi: ya tsayar da Tony Williams a matsayin jagoran waƙa, ya kawo wata budurwa mai suna Zola Taylor a lokacin da ba kasafai ake ganin mace a irin waɗannan ƙungiyoyi ba, Paul Robi kuma ya maye gurbin Alex Hodge. Da David Lynch da Herb Reed suka cika biyar. Waɗannan biyar su ake nufi idan an ce The Platters na asali.

Shigarsu babban kamfani ma a kan raɓa ta zo. Ram yana kuma riƙe da wata ƙungiya, The Penguins, masu waƙar "Earth Angel" da ta yi tashe, kuma su ne kamfanin Mercury ke nema ido rufe. Ram ya ce ba zai ba da su ba sai an haɗa da The Platters, kamfanin ya yarda ba da son ransa ba. Waɗanda aka je nema ba su sake yin wata waƙa mai ƙarfi ba, waɗanda aka karɓa a matsayin gyara kuwa suka zama arzikin kamfanin. A 1955 suka sake ɗaukar "Only You", ta yi mako bakwai a kan gaba a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata na mujallar Billboard, ta kuma kai ta biyar a babban jerin ƙasa baki ɗaya.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana irin waƙar tasu, domin kunnen da ya saba da waƙar Hausa yana iya ɗaukar ta a matsayin jagora da 'yan amshi kawai. A wurin makaɗanmu, jagora yana ɗora baiti, 'yan amshi su karɓa da murya ɗaya, a kan mataki ɗaya, kamar mutum guda ne ya ninku. A wurin The Platters kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin yana da nasa matakin. Williams yana can sama da siririyar murya mai tsabta, Lynch yana ƙasa da shi kaɗan, Zola Taylor tana cike tsakiya da laushin muryar mace, Robi yana ƙarƙashinsu, Reed kuma yana can ƙasa kamar harsashin gini. Duka suna rerawa lokaci guda, babu mai faɗin sautin ɗan'uwansa, amma abin da ke isa kunne sauti ɗaya ne mai kauri. Wanda ya taɓa tsayawa gaban masaƙin zanen kente a garin Bonwire kusa da Kumasi zai gane abin da nake nufi: kowane zare da launinsa, idan aka zare ɗaya sai adon ya lalace.

Ni a shagon ɗinkin kawuna a Sabon Zango na Akra na fara jin su, ina yaro ana aikena sayen zare da maɓalli. Yana da garmaho irin mai hannun juyawa, kuma aikina ne in juya hannun har ya yi tauri, in canja allura daga wani ɗan gwangwani. Kawu bai iya Turancin da zai bi kalmomin waƙar "Only You" ba, amma idan aka zo inda muryar Tony Williams ke ɗan karyewa a kalmar farko, kamar mai shessheƙa ya haɗiye kuka, sai ya ɗaga ƙafarsa daga kan keken ɗinki, shagon ya yi tsit. Herb Reed kuwa bai san sunansa ba, "mai muryar tulu" yake kiransa. Shi ya sa ban yi mamakin abin da kika tarar a adakar Baba ba. A watan Mayu na 1956 Louis Armstrong, shahararren baƙin makaɗin Amurka, ya zo Akra, E. T. Mensah, gwanin hailaif, da makaɗansa na Tempos suna kan ganiyarsu, ƙasar Gana tana shirin samun 'yancin kai a ranar 6 ga Maris 1957, kuma saurayin da ke da ɗan kuɗin goro a aljihu yana iya sayen faifan hailaif da na baƙaƙen Amurka a rana ɗaya. Yawancin iyayenmu ba su ba mu labarin samartakarsu ba, sai dai mu tsinci guntayenta a adaka.

Bayan "Only You" sai ƙofa ta buɗe. "The Great Pretender", wadda Ram ya rubuta, ta hau kan gaba a duk Amurka a farkon 1956, "My Prayer" ta biyo ta a wannan shekarar, "Twilight Time" a 1958, sannan "Smoke Gets in Your Eyes" a farkon 1959, wadda ta yi ta ɗaya a Ingila ma. Sau huɗu ke nan suna zama na ɗaya, kuma tsakanin 1955 da 1967 waƙoƙinsu arba'in ne suka shiga jerin Billboard. Dabarar Ram a fili take: ya kan ɗauko tsohuwar waƙar da iyayen turawa suka sani, ya ɗora mata sabon bugu da muryar Williams. "My Prayer" ta yi suna a bakin The Ink Spots tun 1939, "Smoke Gets in Your Eyes" kuwa daga wani wasan dandali na 1933 ta fito, Jerome Kern ne ya tsara kiɗanta. Ta haka uba da ɗa suka iya sauraren faifai ɗaya a falo ɗaya.

Ɗana na Nima, ga amsarka. A tsakiyar shekarun 1950, rock and roll bai zama kiɗan jita mai ƙara kaɗai ba tukuna. Sunan yana nufin kiɗan baƙaƙen fata da ya tsallake shinge ya shiga kunnen samarin turawa, mai sauri da mai sanyi duka, kuma masu sa waƙa irin su Alan Freed suna haɗa su a shiri ɗaya. Idan ka sake sauraren "The Great Pretender", ka bar muryoyin ka bi fiyano, za ka ji yana bugu uku-uku ba tsayawa, ganga kuma tana nauyaya bugu na biyu da na huɗu. Wannan shi ne ƙashin bayan kiɗan. The Platters sun fito a fim ɗin Rock Around the Clock na 1956 tare da mawaƙin rock and roll Bill Haley, suka kuma fito a The Girl Can't Help It a wannan shekarar. Amma a ganina babban dalilin da ya sa suka cancanci wannan sahu ya shafi kasuwa ne. Al'adar lokacin ita ce, da zarar waƙar baƙin mutum ta fara tashe, sai a ba wata ƙungiyar turawa ta sake rera ta, gidajen rediyo su sa ta turawan, kuɗin ya bi can. Haka The Crew-Cuts suka yi wa "Earth Angel". An gwada wannan a kan "Only You" da wata ƙungiya mai suna The Hilltoppers, amma a Amurka faifan The Platters ne ya fi kasuwa. Mutane sun ji muryar Williams sun ƙi karɓar madadinta, kuma ƙungiyoyin baƙaƙe da yawa sun bi ta wannan ɓarakar suka wuce.

Duk da haka ɗaukakar ba ta cire su daga halin da baƙin mutum ke ciki a Amurka ta lokacin ba, inda mawaƙi zai cika zaure da turawa a jihohin kudu, a tashi kuma a hana shi ɗaki a otal ɗin garin. A watan Agusta na 1959 'yan sanda suka kama mazan huɗu a wani otal a Cincinnati tare da wasu mata huɗu, uku daga cikinsu farare, aka tuhume su da laifin da ya shafi karuwanci. Kotu ta wanke su kafin shekarar ta ƙare, amma kafin nan gidajen rediyo da dama sun janye faya-fayansu. The Platters sun sake shiga goman farko na jerin Billboard da "Harbor Lights" a 1960, sai dai ba a jima ba Tony Williams ya fita don ya yi waƙa shi kaɗai, aka kawo wani matashi mai suna Sonny Turner. Kamfanin Mercury ya ƙi karɓar sabuwar muryar, ya ci gaba da fitar da tsofaffin waƙoƙin Williams da ke ajiye, har maganar ta kai kotu tsakanin kamfanin da Ram. Williams bai sake samun irin waccan nasara shi kaɗai ba, su ma ba su sake zama na ɗaya ba. Zola Taylor ta tafi, Paul Robi ya tafi. A kamfanin Musicor sun ɗan farfaɗo da "I Love You 1000 Times" a 1966 da "With This Ring" a 1967, da salo mai sauri irin na zamanin, daga nan tauraronsu a kasuwar sababbin waƙoƙi ya dusashe. Herb Reed, na ƙarshe cikin biyar ɗin, ya bar ƙungiyar a 1969.

Yanzu mun iso ga ainihin tambayarki, Hajiya, kuma wannan ɓangare ne yake ɓata mini rai duk lokacin da na waiwaye shi. A 1956, suna tsakiyar tashe, Buck Ram ya kafa kamfani mai suna Five Platters, aka ba mawaƙan hannun jari a ciki, su kuma suka sa hannu cewa sunan ƙungiyar na kamfanin ne. Daga baya, da suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, hannayen jarin suka koma ɓangaren Ram. Sakamakon shi ne, mutumin da duniya ta san muryarsa a kan faifai yana iya tsayawa a dandali ya rera waƙarsa, amma idan ya rubuta The Platters a kan allon talla sai takardar sammaci ta same shi, alhali wasu matasa da ba a haife su ba lokacin da aka ɗauki waƙar suna yawo da sunan bisa izinin kamfani. Ba na rage wa Ram haƙƙinsa, domin ba don shi ba da wuya a ji su a Kumasi, shi ya rubuta musu manyan waƙoƙi, shi ya tura su ƙofar Mercury da ƙarfin tsiya. Amma lauya ne ya zauna da samarin da ba su san darajar abin da suke sa wa hannu ba, kuma ban ga yadda za a kira wannan ciniki tsakanin tsara ba.

Tsofaffin 'yan ƙungiyar ba su haƙura ba. Williams ya kafa tasa, Robi ya kafa tasa, Zola Taylor da Reed ma haka, kowa da The Platters a jikin sunansa, kamfanin Ram yana da tasa, wasu kuma da suka taɓa yin 'yan watanni a wani reshe suka kafa nasu. Aka wayi gari a dare ɗaya ana iya tallar The Platters a garuruwa da yawa, a nahiyoyi daban-daban. Shari'a ta ci shekaru kusan arba'in. Robi ya yi nasara a kan kamfanin Ram a kotunan Kalifoniya, amma bayan rasuwarsa a 1989, matarsa ta nemi ta riƙe sunan a matsayin gado, sai kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a 1999 cewa wanda ya bar ƙungiya ba ya tafiya da sunanta, balle ya bar wa magada, kuma Reed, wanda ya kafa ta ya kuma fi kowa daɗewa a ciki, shi ya fi cancanta. A 2011 wata kotun tarayya a jihar Nebada ta tabbatar masa da wannan haƙƙi. A watan Yuni na 2012 ya rasu yana da shekara 83, wato shekara guda kacal ya yi da hukuncin a hannunsa. Wannan rikici, da irinsa da ya sami ƙungiyoyin mawaƙa The Drifters da The Coasters, shi ya sa jihohin Amurka da yawa suka yi dokar da ta hana tallar wasa da sunan tsohuwar ƙungiya sai da wani ɗan asalinta a ciki, ko da haƙƙin mallakar sunan, ko kuma a faɗa a fili cewa kwaikwayo ne na girmamawa.

Saboda haka amsar a taƙaice ita ce, babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin da ke raye. David Lynch ya rasu a 1981, Paul Robi a 1989, Tony Williams a 1992, Zola Taylor a 2007, Herb Reed a 2012, Buck Ram kuma a 1991. An shigar da ƙungiyar zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1990, lokacin da biyu daga cikinsu sun riga sun kwanta dama. Waɗanda ɗanki ya nuna miki, ko dai ƙungiyar da ke aiki da izinin kamfanin da Reed ya bari ce, ko kuma masu kwaikwayo. Wasunsu sun iya waƙa ƙwarai, kuma ba laifi ba ne a saurare su, amma ba su ne Baba ya saya ba.

Muryoyin da ya saya suna nan a hannunki. Ki duba takardar da ke tsakiyar kowane faifai: idan an rubuta Mercury, kuma waƙar tana cikin waɗanda na ambata daga 1955 zuwa 1960, to Tony Williams ne a gaba da sauran huɗun a bayansa. Ki kuma lura da girmansu. Manya masu nauyi, waɗanda aka rubuta 78 a jiki, suna fashewa kamar tangaran idan suka faɗi, kuma suna bukatar injin da ke da wannan gudun da allurar da ta dace da su. Ƙanana marasa nauyi masu lamba 45 sun fi juriya ga faɗuwa, amma zafi yana lanƙwasa su, kuma allurar ƙarfe ta tsohon garmaho tana cinye su a juyi kaɗan, don haka kada a ɗora su a kai. A fitar da su duka daga zanen, a sa kowanne cikin rigar takarda, a jera su a tsaye a wuri mai inuwa nesa da kwanon rufi, kada a ɗora wani a kan wani. Idan ƙura ta kama su, a goge da tsumma mai laushi ana bin da'irar layukan, kuma kada a kusantar da manyan ga turare ko wani abu mai sinadarin barasa, domin yana narkar da fuskarsu.

Idan kun sami mai injin da zai sa muku su, ɗanki ya ajiye waya kusa ya ɗauki sautin tun a juyin farko. Ki fara da wanda layukansa suka fi yin fari-fari don gogewa, domin shi ne allura ta fi bi, wato shi Baba ya fi saurare. Ki rubuto mini sunan waƙar da ke jikinsa.